Tsohon Yamaha Enduro 15: wanne ya cancanci gyara, wanne na 'yan gwangwan ne

A bakin ruwan Dadin Kowa, da sauran mashigai na kogin Gongola har zuwa wajen Nafada, ba wuya ka tarar da injin kwale-kwale jingine a bangon zaure, an lulluɓe shi da buhu, fentinsa ya koɗe, igiyar tayarwa ta tsinke. In ka tambaya sai a ce maka ai lafiyarsa ƙalau aka ajiye shi, fulogi kawai yake so. Mafi yawan irin waɗannan injuna Yamaha ne mai doki 15, kuma da yawansu Enduro ne, wato jerin da kamfanin ya ƙera domin masunta da masu fito, ba domin masu yawon shaƙatawa ba. Sharhin nan a kan wannan injin ne, da kuma aikin farfaɗo da shi kamar yadda ake yi a nan wajenmu.

Hukuncina tun daga farko: a cikin tsofaffin injunan ruwa da ake samu a Gombe da Bauchi, babu wanda gyaransa ya fi biyan kuɗin sabulu kamar wannan. Amma da sharaɗi. Abu uku ne ke yanke hukunci, matsin silinda, lafiyar karanshaf (sandar da fistin ke juyawa), da giyabos na ƙasa (gidan giya). In biyu cikin ukun nan sun mutu, to ba gyara za ka yi ba, sabon inji za ka saya guntu-guntu a kan tsada.

Yamaha ya fara ƙera injin ruwa a 1960, kuma mai doki 15 ɗin ya daɗe bai sauya siffa sosai ba. Silinda biyu ne, cc 246, faɗin kowane fistin milimita 56, tafiyarsa milimita 50. Irin injin nan ne da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, kamar ƙaramin janareton shago. Kafireta ɗaya, babu batir, babu kwamfuta, da igiya ake tayarwa. Nauyinsa tsakanin kilo 36 da 40 ne, mutum ɗaya zai saɓa shi a kafaɗa ya kai gida da yamma, abin da ba zai yiwu da babban wansa mai doki 40 ba, wanda ya haura kilo 70. Wannan sauƙin ne ya sa duk makaniken da ya taɓa buɗe tsohon mashin mai haɗin mai yake ganin zai iya. Rabin aikin kam zai iya. Ɗaya rabin, na ruwa da giya, shi ne inda ake tafka ɓarna.

Kafin komai a duba ƙaramin allon da ke jikin maƙalar da ake ɗaure injin da ita a bayan jirgi. A nan lambar samfurin take. Wanda ya fara da 6B4 shi ne Enduro E15D, sauran zubin kuma lambarsu daban ce. A ido duk kamarsu ɗaya, amma imfela (farfelar robar famfon ruwa) da fakin da wasu kayan kafireta ba sa shiga juna. Wanda ya je kasuwa ya ce a ba shi "imfelar fiftin" kawai, abin da ke kusa da hannu za a miƙo masa. In allon ya ɓace, a tafi da tsohon kayan a aljihu a gwada.

Sai tambayar inda injin ya yi rayuwarsa. Wanda ya tsufa a madatsar Dadin Kowa ko ta Gubi ko ta Balanga, ruwan daɗi ya sha, kusoshinsa za su kwance. Wanda aka kawo na hannu daga Legas ko Fatakwal, ruwan gishiri ya sha, kuma gishiri yana haɗe kusar ƙarfe da jikin alminiyam har su zama abu ɗaya. Alamarsa farin gari kamar toka a gindin kusoshi da fenti mai kumburi. Irin wannan, kusa ɗaya ta kan silinda in ta karye a ciki, ta isa ta cinye yini guda. A jiƙa ta da man kwance tsatsa tun dare, a ɗan gasa alminiyam ɗin da ke kewaye da ita, a riƙa juyawa gaba da baya. Ƙarfi ba ya aiki a nan.

Gwajin matsi shi ne na farko, kuma abin takaici shi ne gwajin da aka fi tsallakewa. Da yawa sai su toshe ramin fulogi da babban yatsa, a ja igiya, in iska ta ture yatsan su ce inji na da rai. Yatsa ba ya bambance psi 70 da 120, wato ma'aunin matsin iska. A samo gej ɗin matsi, a cire fulogi duka biyu, a buɗe totur, a ja igiya da ƙarfi sau biyar ko shida har allura ta daina hawa. Lafiyayyen inji yakan nuna daga psi 110 zuwa sama. Wanda ya sauka ƙasa da 90 ya gaji, zai wahalar da kai da safe kuma ba zai ja kaya ba. Abin da ma ya fi adadin muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin silinda biyun: in ta wuce kashi 10 cikin 100, akwai matsala a ɗaya, ko ringi ya maƙale, ko bango ya karce, ko fakin kai ya ƙone. A ɗiga ɗan baƙin mai cikin cokalin shayi a silindar da ta yi ƙasa a sake gwadawa. In matsin ya tashi sosai, ringi ne. In bai motsa ba, a nemi laifin a fakin kai ko a fistin ɗin kansa.

Injin da ya ƙi juyawa gaba ɗaya labarinsa biyu ne. Akwai wanda zama ne kawai ya sa ringi ya kama bango. Wannan a kwantar da shi ramukan fulogi suna kallon sama, a cika su da man gas, a bar shi kwana uku zuwa mako, kullum a riƙa girgiza filawul, wato faifan ƙarfen da ke saman inji, da hannu hagu da dama. Sau da yawa yakan saki. Akwai kuma wanda ya taɓa nutsewa aka ciro shi aka jingine ba tare da an tayar da shi a ranar ba. Shi ruwa ya kwana a kan boris ɗin karanshaf, tsatsa ta ci ƙananan allurorin da kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ke gudu a kansu. Ko ya saki, ko ya tashi, ba zai yi awa ashirin ba sai ya buga. Yadda ake gane shi: bayan ya saki a juya filawul a hankali, in ana jin gurzawa kamar yashi a tafin hannu, ko filawul ɗin yana rawa gefe da gefe in an girgiza shi, to karanshaf ya tafi. Karanshaf ɗin wannan injin haɗaɗɗe ne da aka matse guntayensa da injin matsi, ba a kwance shi da sifana. Canza kwanrod yana buƙatar injin matsi da agogon awo domin a daidaita shi, kuma ba kowane wurin borin ne ke da hannun wannan aikin ba. In an kai nan, sayen karanshaf cikakke ya fi kwanciyar hankali, kuma a nan ne ya kamata mai inji ya zauna ya yi lissafi. A ganina, in kuɗin kaya da na aiki za su haura rabin kuɗin lafiyayyen inji na hannu, a bar shi ya zama na cirar kaya.

Wuta ba ta cika ba da wahala ba. Yawancin waɗanda ke yawo yanzu CDI gare su, wato akwatin lantarkin da ke ba fulogi wuta. Tartsatsin da ake so shuɗi ne mai ƙara, wanda zai tsallake tazarar milimita 7 zuwa sama a fili. Ja-ja mai rauni da ke tsallake bakin fulogi kawai zai iya mutuwa a cikin matsi. In babu wuta ko kaɗan a silinda biyun, kafin a zargi akwatin CDI a cire wayar makashin inji, domin shi ne ya fi lalacewa, kuma ya fi komai araha. An sha sayen CDI alhali maɓallin kashewa ne ya jiƙe. Fulogi NGK ne, B7HS-10 ko B8HS-10 gwargwadon samfurin, tazarar baki milimita 0.9 zuwa 1.0. In dole sai an cire filawul, a yi da abin zaro shi mai kusoshi uku, kuma kada kusoshin su zurfafa su huda kwayil ɗin da ke ƙasa. Guduma a kan filawul tana kashe maganaɗisu, tana lanƙwasa kan karanshaf.

Kafireta kuwa nan ne makanikan bakin ruwa suka fi ƙwarewa, kuma a yaba musu. Cikin rabin awa za su warware ta su mayar. Gyara biyu kawai zan yi musu. Na farko, kafin a cire sukurun silo a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga juyi har ya zauna, a rubuta, domin a mayar da shi inda yake. Na biyu, a daina zura wayar burki ko allurar ɗinki a ramin jet. Jet tagulla ce mai laushi, kowace zurawa tana faɗaɗa ramin, daga nan inji ya koma shan mai kamar rariya, fulogi yana baƙi kullum. Man wankin kafireta da iska sun wadatar. Fetur ɗin da ya kwana watanni yakan bar danƙo mai launin zuma a ƙananan hanyoyi, shi ya sa inji ke tashi da cok ya mutu da an mayar. A canza allurar fulot da fakin kwano, a buɗe ƙaramin famfon mai a ɗaga fatarsa a hasken rana, in ta yi tauri ko ta huje a sa sabuwa. Tiyon mai da ƙwallon da ake matsawa su ma kada a yi musu rowa. Kibiyar da ke jikin ƙwallon tana kallon inji. Kuma injin da ke gudu minti goma ya shaƙe ya mutu, a fara duba ɗan sukurun iska na murfin tanki, ƙila a rufe yake.

Akwai wata cuta da ake ɗora wa kafireta alhali ba ruwanta. Injin da ya shekara da yawa a ajiye, robobin sil na sama da ƙasan karanshaf, masu hana iska da ruwa shiga, sukan bushe. Iska ta riƙa satar hanya, haɗin mai ya yi ƙaranci, silo ya ƙi zama, wani lokaci inji ya riƙa tashi da kansa ko yana atishawa ta kafireta. A wanke kafireta sau goma ba zai daina ba. Haɗarin shi ne a irin wannan inji mai ɗin da ke shafa fistin yana cikin fetur, don haka ƙarancin fetur ƙarancin shafawa ne, ƙarshensa fistin ya narke. Sil na ƙasa in ya mutu har ruwa yakan shigo, sai ka ga fulogin ƙasa fes kamar an wanke shi, na sama kuma da ɗan duhunsa. Duk injin da za a buɗe, a canza sil ɗin nan ko da sun yi kyau a ido.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato ruwan sanyaya inji. Wannan injin ba shi da ƙararrawar zafi da za ta yi maka ihu. Abin da kawai ke tsakaninsa da ƙonewa shi ne imfela, 'yar farfelar roba da ke cikin ƙafar injin a saman giyabos, da kuma ɗan fitsarin ruwan da ke fita ta gefe domin ka gani. Imfela da ruwa take samun santsi. In aka tayar da inji a tudu babu ruwa, cikin daƙiƙoƙi kaɗan fukafukanta za su ƙone. To wannan "bari mu ji ƙararsa, Alhaji" da ake yi a bakin shago, ana ɗaga inji a kan benci a ja igiya, shi ne ke kashe sabuwar imfela tun kafin ta ga ruwa. Gwaji a cikin duro ake yi, ruwa ya rufe faffaɗan farantin da ke saman farfela ya haura shi da kamar taƙi ɗaya, giya a firi.

Canza ta ba wuya. A kwance mahaɗin sandar giya, a cire kusoshin da ke riƙe da ƙafa, a zaro ta ƙasa. A buɗe gidan famfo. Kada a tsaya a roba kaɗai: a duba kofin ƙarfen da take juyawa a ciki da farantin da ke ƙarƙashinta. Gongola da damina ruwan yashi ne, kuma masu jirgi suna tura inji har cikin tabo a mashiga, don haka yashi yakan yi wa kofin nan zane kamar faifai. In farce yana maƙalewa a zanen, sabuwar imfela ba za ta ja ruwa sosai ba, sai a sayi kit ɗin famfon gaba ɗaya. A kula da ɗan makullin ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe imfela a jikin sanda, in ya faɗi imfela za ta zauna sanda na juyawa ita kaɗai. Lokacin mayar da gida, a danna shi ƙasa ana juya sandar ta hannun agogo domin fukafukai su kwanta ta fuskar da ta dace. In tsohuwar ta fito da fiffike a gutsure, sai an nemo guntun, domin yana can cikin bututun ruwa yana jiran ranar da zai toshe hanya. A shafa giris a haƙoran saman sanda ta gefe, ban da kan sandar, don giris a kai yakan hana ta zama daidai. Ɗan ramin fitsarin kuma zanzaro na son gina a ciki in inji ya daɗe a jingine, a zura masa igiyar fatsa kafin a yanke hukuncin famfo ya mutu. A ruwa irin namu, imfela duk shekara.

A nan ne kuma jabun kaya ya fi cutarwa. Kwalin jabu yanzu ya iya kwaikwayo, har da lamba. Imfela ta gaske in ka lanƙwasa fiffikenta zai dawo nan take, cibiyarta kuma a manne take gam da robar. Ta jabu takan yi ƙyalli da tauri, ko ta yi laushi kamar silifa, kuma cibiyar kan saɓule ta bar robar tsaye. A ra'ayina akwai inda za a iya yin tsimi da kayan da ba na kamfani ba, kamar farfela, igiyar tayarwa, murfi, tiyo. Amma imfela, sil, ringi da boris, a nemi na asali ko da sai an aika Kano ko Legas an jira mako. Inji ya mutu a tsakiyar madatsar da dorina ke kiwo ba wurin gwajin araha ba ne.

Giyabos yana faɗin gaskiyarsa da an kwance sukurun ƙasa. Mai baƙi ko ruwan zuma, lafiya. Mai fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga. Ruwa zalla ya fara fitowa, ko babu komai, a shirya jin mummunan labari. Ɗan laushin garin ƙarfe ba abin damuwa ba ne, gutsattsarin da ake ji a yatsa haƙoran giya ne. Abin da ke shigar da ruwa a wajenmu kusan kullum ɗaya ne: zaren kalli da igiyar mamari da ke naɗewa a bayan farfela, su shige su yanke sil. Duk mai aiki a inda ake kafa raga ya riƙa cire farfela duk mako biyu yana tsince zaren. Bayan an canza sil, a gwada da famfon keke ta ramin mai, a ba shi iska kamar psi 10, a tsoma a ruwa a ga ko zai yi kumfa. Man giya lamba 90 ake sa wa, mililita 250. Ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, a toshe na sama tukuna sannan na ƙasa, da sababbin washa. Wanda ya ɗura ta sama iska ce za ta cika rabin gidan. Giris ko baƙin man mota ba sa maye gurbinsa. Injin da ke fitar da giya da kansa yana "kaf-kaf" in an ba shi wuta, ko dai sandar giya ba ta saitu ba, ko haƙoran kulocin ciki sun goge, kuma abin da ke goge su shi ne shigar da giya a hankali ana jin tana gurzawa. A silo ake sa giya, da motsi ɗaya.

In gwajin matsi ya ce sai an buɗe, akwai fistin mai ƙarin milimita 0.25 da mai ƙarin 0.50. A sayi fistin tukuna a kai wa mai borin ya yanka daidai da shi, ba a yanka sannan a shiga neman fistin ba. A roƙe shi ya goge kaifin bakin tagogin silinda bayan yanka, in ba haka ba ringi zai kama baki ya karye. Alamar UP a kan fistin tana kallon filawul, bakin kowane ringi kuma ya zauna a kan ɗan ƙusar da ke cikin ramin. Ɓari biyu na gidan karanshaf ba su da fakin takarda, siririn man liƙi na musamman ake shafawa. Jan silikon da ake labtawa yakan hana su haɗuwa daidai, ragowarsa kuma ta shige ciki. Kusoshin kai a ɗaure su daga tsakiya zuwa waje, zagaye biyu, da sifana mai awo. Wannan sifanar ita ce abin da za ka tambaya kafin ka bar injinka a hannun kowa. In babu ita babu gej, a ba shi wankin kafireta, a kai buɗe inji wani wuri.

Aibin injin kansa ba ɓoyayye ba ne. Yana shan mai: a cikakkiyar wuta wajen lita 7 zuwa 8 a awa, abin da tun bayan cire tallafin fetur a 2023 ya zama magana babba ga mai fito. Yana hayaƙi, yana da ƙara, kuma rayuwarsa gaba ɗaya tana hannun wanda ke auna mai. Haɗin Enduro 50 ne da 1, wato mililita 200 na mai a lita 10 ta fetur, 400 a jarka mai lita 20. Man da aka yi dominsa shi ne mai alamar TC-W3. Baƙin man mota da ake zubawa da gwangwanin tumatir yana barin gawayi, gawayi ya riƙe ringi, a koma gidan jiya. A samu sirinji babba ko kwalba mai awo a ɗaure ta a jikin tanki. Shan man kuma yakan ragu sosai in aka dawo da totur kashi uku cikin huɗu, gudun da ake rasawa kaɗan ne. Jirgin katako mai ɗaukar buhuna yana son farfela mai ƙaramin taku, inci 9 ko ma 8, ba 11 ko 12 ba, domin inji ya iya kaiwa juyinsa na 4,500 zuwa 5,500 a minti ba tare da nishi ba. Farantin saman farfela ya yi daidai da gindin jirgi ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce milimita 25 ba.

Wanda aka sa wa sabon fistin da ringi sai an yi masa reno na awa 10 da haɗin 25 da 1, wato mililita 400 a lita 10. Minti goma na farko a silo. Sauran awar farko kada a wuce rabin totur. Awa biyu na gaba a tsaya wajen kashi uku cikin huɗu ana sauya gudu, sauran awa bakwai kuma kada a riƙe cikakkiyar wuta fiye da minti biyar a jere. Da awa goman ta cika a zubar da man giya a duba launinsa, a sake bin kusoshi, a ciro fulogi biyun a jera su: in duka sun yi launin ƙasa-ƙasa iri ɗaya, a koma 50 da 1 a ɗora kaya.